Yatsun da Tsauni Ya Ci

Shekara goma sha tara na yi ina koyar da labarin ƙasa a wata kwalej, wato ƙaramar sakandare, da ke yankin Madarumfa, kuma a duk shekarun nan babu darasin da nake ɗokin isowarsa kamar na tsaunin ƙanƙara. Yau idan na tuna irin daɗin da nake ji ina koyar da shi, sai in ji kamar in ɗaga hannu in mari kaina.

Littafin da muke aiki da shi daga ƙasar waje aka turo mana, cikin kwalaye, kyauta. An riga an yi karatu da shi a can, har da sunayen ƴaƴan Turawa a bangon ciki, an soke da biro. A tsakiyarsa akwai babi guda kan wani tsauni da ke kan iyakar ƙasashe biyu na Turai, inda masu hali ke zuwa wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Hoton tsaunin ya cinye shafi biyu. Sama shuɗiya fes, ƙasa fara fat, ga kujeru rataye a jikin waya suna hawa da mutane, ga yara cikin jajayen riguna sun ɗaura dogayen katakai a ƙafa suna dariya.

Babin nan na haddace shi kamar karatun allo. Duk mita dubu da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri shida. Tsaunin yana da fuska biyu: wadda ke kallon rana, inda ake gina ƙauyuka ana kiwo, da wadda ke cikin inuwa, inda daji ya yi duhu dusar kuma ke daɗewa ba ta narke ba. A gindinsa gonaki, sama da su itatuwa masu ganye kamar allura, sama da su ciyawa, can ƙololuwa kuma dutse tsirara. Dusar na fara kwanciya wajen watan Disamba, ba ta tashi sai Afrilu. Duk wannan nakan zana shi a tablo da alli mai launi uku, ba tare da na kalli littafi ba.

Ni kuwa ban taɓa ganin tsauni ba. Abin da na fi sani shi ne duwatsun hanyar Damagaram, su ma ta tagar mota. Ƙasarmu shimfiɗe take kamar faifai: tabki, fadama, gulbi, gonakin gero har inda ido ya tsaya. Amma ban taɓa faɗa wa ɗalibaina haka ba. Ina tsayawa gabansu in yi ta zuba kamar wanda aka yanke wa cibi a can.

Darasin yakan faɗo tsakiyar bazara, lokacin da kwanon rufi ke gasa mu kamar gurasa a tanderu. Sai in aika a sayo mini ƙanƙara wajen mai firiji a bakin kasuwa, in naɗe ta a buhu, in farfasa da dutse, in ce kowa ya riƙe guntu ya ji. Su yi ta ihu suna goga wa wuya. Kafin mu kai ƙarshen awa ta narke, ta zama ruwa a siminti. Wannan shi ne iyakar sanyin da na koya musu, sanyin da ake marmari.

A wata shekara akwai wani ɗan masunci da ke zama kusa da taga. Ba ya cikin masu ƙoƙari, Faransancinsa ma da ƙyar, amma idan aka ce a zana taswira, babu mai kama ƙafarsa. Ran da na gama babin ya ɗaga hannu, ya kira ni da sunan da ƴan lakwal, wato ƴan boko, ke kiran malaminsu.

"Mushe, mutum na iya ƙetare shi da ƙahwa?"

Na ce, "Me zai hana? Ba ka ga yara ƙanana suna wasa a kansa ba? Dusar nan laushi gare ta kamar auduga, ko faɗuwa ka yi ba ka jin ciwo."

Wannan maganar ba ta cikin littafi. Ni na ƙara ta daga kaina, don aji ya yi daɗi.

Bai ci jarrabawar fita ba. Ya shiga bin manyan motoci masu ɗaukar wake da albasa zuwa Jibiya, ya yi ta fama har ya zama direba. Nakan gan shi jefi-jefi a kan gudron, titin kwalta, ya danna mini ham ya leƙo da kai ya ce, "Mushe, a gaida gida!" Shekarar da aka rufe iyaka motoci suka yi layi suna tsatsa, aiki ya mutu. Na ji an ce ya yi arewa, ta Agadas. Daga nan ban ƙara jin ɗuriyarsa ba, kuma gaskiya ban tambaya ba. Ɗalibai da yawa sun bi ta hannuna, ba kowa nake riƙewa ba.

Bayan kamar shekara huɗu, wata Juma'a da la'asar, ina zaune ƙofar gida ina duba takardun yara, sai ga wata dattijuwa da tire a kai. Na gane ta, mai suyar kifi ce a bakin tabki, uwar direban nan. Ta sauke tiren, ta durƙusa, muka gaisa. Sai ta ja bakin mayafi ta ce:

"Malam, ɗanka ya dawo. Yau wata biyu ke nan."

Na ce, "Barka, barka! Shi ne bai zo mun gaisa ba?"

"Bai hita. Ko masallaci bai zuwa, ɗaki yake sallarshi. Abokai sun yi sallama har sun gaji. Jiya dai da na kai mashi tuwo ya ce in tambaya ko kana nan garin. Shi ya sa na zo."

Washegari da hantsi na je. Na same shi zaune kan tabarma, ya jingina da bango, ya lulluɓe ƙafafunsa da bargo ana wannan zafi. Ya rame, gemu ya fito masa. Na miƙa masa hannu, ya miƙo nasa, sai na ji tafin bai cika hannuna ba. Na duba. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi babu su, an ɗinke wurin ya warke. Ya ga ina kallo, sai ya janye bargon da kansa. Ƙafar dama babu yatsa ko ɗaya. Ta hagu saura babba da mai bi masa.

Na ce, "Inna lillahi. Haɗari kuka yi?"

Ya ce, "A'a, Mushe. Dutsenka ne. Na je na gan shi."

Ban gane ba sai da ya fara ba ni labari. Hamada da teku bai tsaya kansu ba, ya ce waɗannan kowa ya san su. Ya isa ƙasa ta farko a Turai, ya yi watanni a wani sansani babu aiki babu takarda. Aka ce masa idan ya ƙetare tsauni zuwa ƙasa ta gaba, inda ake jin Faransanci, zai fi samun sauƙi. Su uku suka hau bas har garin ƙarshe. Wani da ya san hanya ya nuna musu da yatsa, ya ce kada su bi titi, jandarmomi masu tsaron iyaka na nan, su bi ta bayan gari su shiga itatuwa, tafiyar awa uku ce kacal.

"Da munka sauka na ɗaga kai, wallahi sai na ga hoton littahinmu. Kujerun nan bisa waya, yaran nan da jajayen riguna, komi da komi. Har dariya na yi. Na ce ma abokan tahiyata ku kwantar da hankalinku, ni na karanta wurin ga a lakwal."

Takalmin kambas ne a ƙafarsa, da wandon jin, da riga mai hula da aka ba shi a sansani. Rana na haskawa tar, sai ya ɗauka zafi za a yi. Suna hawa gumi ya jiƙa shi sharkaf, har ya buɗe gaban rigar. Da suka zagaya bayan tsaunin suka shiga gefen inuwa, sai duniya ta juye. Dusar da ke iya idon sawu ta koma iya cinya. Kowane taku sai ka zaro ƙafa da hannu biyu. Gumin da ya jiƙa rigar ya daskare a jikinsa. Iska ta taso, gajimare ya sauko ya rufe su, har ba ka ganin wanda ke gabanka da taku biyar. Sama fari, ƙasa fari, ba gabas ba yamma. Awa uku ta zama wuni.

"Can wani lokaci gajimaren ya ɗan yaye, sai munka ga ashe ƙarƙashin wayar nan muke. Kujeru na wucewa bisa kanmu. Wata yarinya ta gan mu, ta ɗaga muna hannu tana murna. Mu ko munka ɓuya bayan icce, don kar a kira jandarma. Mushe, ceto na wucewa bisa kaina ni kuma ina ɓuya."

Ya ce ciwon ƙafar da farko kamar ana soka allura, daga baya sai ya daina jin komai, har ya yi hamdala yana zaton sauƙi ne ya samu. Ɗaya daga cikinsu, wani magidanci ɗan wata ƙasa ta gabar teku, ya zauna ya ce barci yake ji, kuma zafi ya dame shi, ya fara cire riga. Suka ja shi, suka mare shi, ya ƙi tashi. Suka bar shi da niyyar su nemo taimako. Gab da magariba wani ma'aikacin wurin, mai zagayen ƙarshe kafin a rufe filin wasa, ya tsinci su biyun. Na ukun ba a gan shi ba sai da dusar ta narke. A asibiti yatsun suka yi baƙi ƙirin kamar gawayi, likita ya yanke. Da ya warke aka sa shi jirgi aka maido shi.

Na sunkuyar da kai. Shi ne ma ya kawo mini ɗauki.

"Ba laihinka ba ne, Mushe. Abin da ka faɗa duk na same shi, gefen rana da gefen inuwa, komi. Abu guda dai ba a hwaɗa muna ba, shi ne wurin yana kisa."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na fito daga gidan nan raina na tafasa. Ban tsaya ko'ina ba sai makaranta, ranar Asabar, babu kowa sai mai gadi. Na buɗe kabad na ɗauko littafin na karanta babin daga farko har ƙarshe, a tsaye. An faɗi tsawon tsaunin. An faɗi watannin dusa. An faɗi yadda otal-otal ke cika, da yadda mutanen ƙauyen suka bar kiwo suka koma hidimar baƙi. Babu layi ɗaya, ko rabin layi, da ya ce sanyi na cin naman mutum. Mene ne na rubutawa? Yaran da aka yi littafin dominsu uwayensu sun gaya musu tun suna goye, sun saya musu takalma masu gashi a ciki. Da suka gama da shi aka tattaro aka turo mana, mu kuma muka karɓa da hannu biyu har da jawabin godiya, babu wanda ya zauna ya ce, to mu namu yaran me ya kamata su sani? Ni ma ban ce ba. Shekara goma sha tara ina sayen ƙanƙara ina raba wa yara suna goga wa wuya.

Abin da ya ƙara hura mini wuta shi ne bakin mutane. A majalisar masu shayi na ji wani yana cewa, "Wasu na zuwa Turai su dawo da mota, shi ya je ya bar musu yatsu ajiya." Aka kwashe da dariya. Mai maganar ko Maradi bai cika zuwa ba. Na tsaya na ce masa, "Kai da ruwan randa ke sa ka kuka a watan Janairu, kai ne mai bakin magana?" Aka ba ni haƙuri, na wuce. Kuma a cikin masu dariyar nan na san aƙalla biyu da ke shirin bin hanyar da ya bi.

Na yi ta zarya gidansu kusan sati uku kafin ya yarda ya zo ya yi wa ɗalibaina bayani. Uwarsa ce ta ƙarasa shawo kansa. Ta ce, "Tashi ka tahi. In ka zamna ɗaki yatsun ba su tsirowa."

Na je wurin diraktan makarantarmu neman izini. Mutum ne mai son tsari, kullum takalminsa na sheƙi, kuma ba ya son abin da zai kai sunansa gaban manya sai da alheri. Ya saurare ni yana juya biro.

"Wannan ba ya cikin porogaram ɗin karatu," in ji shi.

Na ce, "Yanayin tsauni yana ciki. Shafi na nan, ga shi."

"Yanayin tsauni, na'am. Amma ba labarin masu tsallaka iyaka ba takarda ba. Ka san maganar nan tana da nauyi yanzu. Kuma mutumin nan wace shaida gare shi ta koyarwa? Ko birbe, takardar gama kwalej, bai samu ba."

"Ranka ya daɗe, ni mai shaidar ban taɓa ganin wurin ba. Shi ya taka shi da ƙafarsa."

"To ai ka ga abin da ƙafar ta samu," ya ce, har da ɗan murmushi. Sannan ya rage murya. "Wata mai zuwa waɗanda suka ba mu littattafan nan za su kawo ziyara. Ana maganar za su gina mana aji biyu. Kada ka ɓata mana ruwa."

Murmushin nan ne ban yafe ba. Na fito ban ce na yarda ba, ban ce na ƙi ba.

Ranar Talata, awa ta uku, na shigo da shi ta ƙofar baya a kan babur ɗina. Yana tafiya yana ɗingishi, yana dafa bango, don wanda ba shi da yatsun ƙafa tsayuwa ma aiki ce. Yara sittin da wani abu suka miƙe suka gaishe shi. Na buɗe hoton na ɗaga, na ce, "Ga tsaunin da muka karanta makon jiya. Na gaya muku dusar laushi gare ta kamar auduga. Ban taɓa taɓa ta ba, ƙarya na yi muku. Ga wanda ya taɓa."

Na ja gefe na ba shi wuri. Ya karɓi alli da yatsunsa uku ya zana tsaunin a tablo, ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Ya nuna inda garin yake, inda titi ya bi, inda suka shiga itatuwa, inda rana ta ƙare inuwa ta fara. Ya yi musu bayani da Hausa, abin da doka ta hana a aji, ban kuwa hana shi ba. Ya ce a can rana haske kawai take bayarwa, ba ta da wuta. Ya ce jiƙaƙƙiyar tufa ta fi tsiraici haɗari. Ya ce idan ƙafa ta daina ciwo to ta fara mutuwa. Da ya gama sai ya zauna kan kujerata ya cire takalmansa ya ɗora ƙafafun a kan benci. Wata yarinya a layin gaba ta rufe fuska da hijabi tana kuka.

Na ji a raina cewa na biya wani abu. Sai wani dogon saurayi daga layin baya, mafi girma a ajin, ya ɗaga hannu.

"Yaya, to wane wata ya hi dacewa a ƙetare?"

Jini ya hau mini kai. Na daka masa tsawa. "Kai wane irin kunnen ƙashi ne? Ba ka ga ƙafafun nan ba? Fita mini daga aji!"

Baƙona ya ɗaga hannu. "Mushe, bar shi. In ka kore shi, tasha za shi ya tambaya, can kuma awa ukku za a ce mashi." Ya juya ga saurayin. "Ni dai shawarata kar ka tahi. Abin da na gani can bai kai yatsa guda ba, balle goma. Amma in ka ƙi ji, to kar ka kusanci dutsen ga daga kaka har ƙarshen bazararmu. Kuma in ka ga mutane, ko jandarma ne, ka yi ihu su gan ka. Gara a maido ka da ƙahwarka."

Ina tsaye ina huci, ban san da wa nake fushi ba, da saurayin, ko da baƙon, ko da kaina. Na kawo shi ne don ya tsorata su, ga shi yana ba da sa'ar tafiya. Amma na kasa cewa ya yi kuskure. Saurayin nan ubansa ya rasu, gonarsu gulbi ya cinye rabinta, ƙannensa biyar. Tsawata ba za ta ciyar da su ba.

Ana cikin haka direkta ya turo ƙofa. Wani ya kai masa rahoto. Ya dubi tablo, ya dubi ƙafafun da ke kan benci, fuskarsa ta murtuke.

"Wane ne ya ba da izinin wannan? Kai kuma baƙo, sa takalmanka ka fita. Nan makaranta ce, ba dandalin nuna miki ba."

Abin da na yi bayan nan ban taɓa yin irinsa ba a aikina. Na ɗauki littafin na buga shi kan tebur har ƙura ta tashi. Na ce, gaban yara, da Hausa, "Wannan mutumin a ajin nan ya zauna, kusa da tagar can. Mu muka koya masa rabin magana ya tafi da ita. Yau ya kawo mana sauran rabin kyauta, kai kuma kana korarsa don kada baƙi su ji wari. Aji biyun da za a gina, me za a koyar a ciki? Wannan?" Na sake buga littafin. Bangonsa ya rabu biyu.

Direkta ya juya ya fita. Baƙona ya sa takalmansa a hankali, ya yi wa yara sallama, na mayar da shi gida. Da muka kai bakin tabki sai ya ce, "Mushe, ashe kana da zuciya haka?" Ya yi dariya, karo na farko tun dawowarsa.

Kwana biyu bayan haka aka miƙo mini takardar neman bayani. Laifi uku: shigo da baƙo ba izini, koyarwa da harshen gida, da lalata kayan makaranta. Na amsa da shafi huɗu, na san babu wanda ya karanta har ƙarshe. Baƙin da suka ba mu littattafai suka zo aka yi musu rawa, aka ɗauki hoto, yara riƙe da littattafan. Ni an ce in zauna gida ranar. Da aka dawo hutun damina sai na ga sunana cikin waɗanda aka canza wa wurin aiki, zuwa wata ƙaramar makaranta ta wajen garin Sarkin Yamma. Shekara uku na yi ina bin hanyar yashi da babur, safe da yamma, ga ciwon baya, har na yi ritaya. Direkta kuwa aka ƙara masa girma aka kai shi wani ofis a Maradi. Aji biyun an gina ɗaya, ɗayan har yau tubali ne jibge.

Ba na nadamar abin da na yi. Abin da ke cina shi ne ban yi shi da wuri ba, kuma sai da wani ya biya da jikinsa kafin in buɗe ido in karanta abin da nake koyarwa.

Shi kuwa tun daga ranar ya fara fita. Tuƙin babbar mota ya gagare shi, ƙafar ba ta iya danna birki yadda ya kamata. Tsofaffin abokan aikinsa suka sama masa wuri a tasha, shi ke tsara lodin ƙananan motoci masu zuwa Maradi, yana zaune kan benci da ɗan littafinsa. Ya yi aure, yana da ƴa mace. Lokacin ɗari kututturan yatsun kan yi masa zugi, sai matarsa ta ɗumama ruwa ya tsoma.

Bara, wata safiya, na je tasha zan aika saƙo, muna zaune muna hira sai ga tsohon direktan nan da jaka, ya zo ganin gida zai koma Maradi. Ya yi sallama. Na amsa don wajibi ne, ban ƙara ko harafi ba. Shi kuwa mutumina ya miƙe da ɗingishinsa, ya karɓi jakar, ya ce, "Ranka ya daɗe, bismilla, gidan gaba naka ne." Ya buɗe masa ƙofa da kansa, ya rufe.

Motar na tashi na juya kansa. "Kai wane irin mutum ne? Wanda ya kore ka kamar kare, shi kake ba gidan gaba?"

Ya koma kan bencinsa, ya lashi yatsa ya buɗe littafinsa.

"Mushe, kujerar nan ƙarhenta ya hito, tun shekaranjiya babu mai yarda ya zamna kanta. Ga gudron duk ramu. Kahin su kai Maradi zai yi bayani."